Ba Harara Nake Ba

Ku gyara zama, don yau ba da daɗin rai na zo muku ba. In kun ji harshena ya yi kaifi ku yi mini uzuri. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru tun 2009, amma har yau bai bar raina ba.

Sunana Zaituna, 'yar Malam Abdulwahab mai makarantar allo da Islamiyya a Limawa, nan cikin Dutse. Sai dai a wancan lokacin in ka shigo unguwarmu ka ce Zaituna kake nema, sai an tambaye ka wacce. Amma ka ce "mai harara", ko ƙaramin yaro zai kai ka har ƙofar gidanmu.

Ni kuwa wallahi ban taɓa hararar kowa ba. Tun ina sakandare rubutun allo ya fara yi mini dishi-dishi. In na kalli ƙwan lantarki sai in ga ya yi jela. Wata kuwa, ku kuna ganin ɗaya, ni tarinsu nake gani kamar an baza faranta a sama. Ga ƙaiƙayi, in yi ta murza ido har ya yi jajur. Kafin in gane fuskar mutum sai na ƙanƙance ido, na karkatar da kai. To, wannan ita ce hararar. Mata nawa ne suka kawo ƙarata wurin Umma, wai na wuce su a hanya ban gaishe su ba, ina wani kallonsu sheƙeƙe? An yanka mini tabarau ya fi a ƙirga, kowanne ya yi 'yan watanni ya daina aiki, na gaba ya fi shi kauri. Goggo Larai, yayar Malam, wadda ba a yanke komai a gidanmu sai da ita, cewa take iyayi ne kawai irin na 'yan boko.

A haka Musaddiq ya gan ni ya ce yana so. Ɗan Taura ne, yana aiki a sakatariyar jiha, marigayi mahaifinsa kuma aminin Malam ne tun suna neman karatu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi, so mai tsanani. Shi ne mutum na farko da ya lura ba raini ke damuna ba. Ban taɓa gaya masa ba, amma sai na ga duk tes ɗin da zai turo mini a 'yar Nokiyata da manyan baƙaƙe yake rubutawa. In zai zo zance farar shadda yake sawa, don in hango shi tun daga bakin zaure. Ku gaya mini, wace mace ce za a yi wa haka zuciyarta ba ta narke ba? Manya suka shiga maganar, aka sa rana bayan Babbar Salla.

Ana cikin haka Yaya Misbahu ya zo hutu daga Alƙahira, inda yake karatu, yana zaune can da matarsa. Wata safiya ya shigo ɗakin Umma ya tarar da ni na kafa Alƙur'ani a kan hancina ina tilawa. Ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Zaituna, tun yaushe kike karatu haka?"

"Na daɗe, Yaya."

"Kuma duk gidan nan ba wanda ya gani?"

Washegari ya sa ni a mota sai Kano, asibitin ido. Likitan ya sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya ja kujera ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce a gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi, wanda ta cikinsa haske ke shiga. Na kowa a kife yake lafiya lau kamar murfin kwano. Nawa kuwa yana ta yin siriri yana tsini, kamar murfin kwano ya koma malfa. Sunan ciwon keratokonus, kuma murzar da nake yi ƙara masa gudu take.

"Akwai magani?" in ji Yaya.

"Akwai sabon aiki, kuros-linkin ake ce masa. Ana ɗiga wani ruwan bitamin a idon, a haska masa wata fitila ta musamman, sai zaren tantanin su kama juna su yi ƙarfi, kamar an sa wa yadi sitati. Amma ku fahimce ni. Ba ya dawo da ganin da ya tafi, tsayar da ciwon yake inda ya same shi. Kuma in tantanin ya yi siriri da yawa, aikin ba ya yiwuwa. Na hagunta yana bakin gaɓa. Mu nan ba mu da na'urar, amma a Masar ana yi."

Yaya ya ce falillahil hamdu, ai gida ne. In zai koma sai ya tafi da ni, ga shi muharramina, ga masauki. Na dawo Dutse raina fes, ina ganin Allah ya kawo ƙarshen wahala.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Goggo Larai na jin bayani ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Masar? Ana saura ƙiris biki? Ku ce wa mutanen Taura me? Amaryarku na hanyar makancewa, mun kai ta gyara? Wallahi kuka bari maganar nan ta fita, ba Musaddiq ba, ko bazawari ba zai ƙara taka zauren nan ba. Ba a tallan ciwon budurwa. A ɗaura aure tukuna, in ta shiga ɗakinta ya kai ta duk inda zai kai ta."

"Goggo, likita ya ce ba a jira," in ji Yaya.

"Likita ne Allah? Kai rufe mini baki, a gabana aka yanke maka cibi."

Na dubi Umma. Ta sunkuyar da kai tana jan bakin zanenta, irin shirun da ke nufin ta bi bayan Goggo. Malam kuwa aka gaya masa ciwo ne mai sauƙi, zai iya jira. Yaya ya ɗaga tafiyarsa yana lallashi, kwanaki suna ta wucewa, ni kuma kullum na tashi sai in rufe idon dama da tafin hannu in gwada na hagu, in ga ƙofar ɗakinmu ta ƙara narkewa.

Sai ga walimar saukar ɗaliban Malam. Gida ya cika maƙil, an shimfiɗa tabarmi har ƙofar kicin, ƙamshin turaren wuta da na waina sun haɗe. Na sha atamfata ruwan ganye, riga da zane, da mayafi ruwan madara, ƙafa ta sha jan lalle. Ina fitowa Goggo ta tare ni a bakin ƙofa ta zare tabarau ɗin daga fuskata.

"Uwar mijinki na zuwa yau. Ba za ta gan ki da wannan gindin kwalbar ba."

"Goggo, ba na ganin komai in babu shi."

"Yau ɗaya dai ba za ki mutu ba."

Ta jefa shi a jakarta ta zuge. Haka na shiga taron nan, mata sun zame mini launi-launi kawai, ja, shuɗi, ɗorawa, ba fuska ko ɗaya. Ina ɗauke da tiren zoɓo na ji kamar wata na ɗago mini hannu daga gindin bishiyar darbejiya. Na tsaya, na ƙanƙance ido, na karkata kai, ban gane kowa ba, na wuce abina.

Hajiya Hindatu ce. Mahaifiyar Musaddiq. A gaban ƙawayenta da ta kwaso tun daga Taura don ta nuna musu surukarta. Ko ruwa ba ta sha ba ta yafa mayafinta suka fita.

Kafin magariba tes ya shigo, da manyan baƙaƙen nan nasa: "ME KIKA YI WA HAJIYA? TA CE KIN HARARE TA A GABAN MUTANE. INA ZUWA."

Ya zo bayan la'asar ɗin washegari, don lokacin 'yan Hisba sun hana zancen dare. Muka zauna a zaure, shi a kan benci, ni a bakin tabarma. Ban ɓoye masa komai ba. Na gaya masa sunan ciwon, da maganar likita, da Masar, da tabarau ɗina da ke jakar Goggo. Yana saurare yana juya mukullin babur ɗinsa.

"Na san idonki ba lafiya," ya ce a hankali. "Ban dai san ya kai haka ba. Ni wannan ba zai canja mini komai ba, Zaituna."

Har na ji sanyi a raina. Na ce, "To ka gaya wa Hajiya gaskiya. Ka ce mata ban gan ta ba ne."

"A'a." Da sauri ya faɗa. "Ba ki san Hajiya ba. Rashin kunya ana ba da haƙuri ya wuce. Amma ta ji maganar makanta, za ta ce gado ne, za ta ce jikokinta. Ki je kawai ki durƙusa ki ce sharrin shaiɗan ne. In an ɗaura, ni da kaina zan kai ki Masar."

Jama'a, kun ji fa. Na dube shi, farar shaddar nan da nake hangowa in ji daɗi, sai na ji ta tsaya mini a rai.

"Wato ka gwammace a ce ba ni da tarbiyya da a ce ba ni da lafiya."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. A zagi Umma, a ce Malam yana tarbiyyar 'ya'yan mutane ya kasa tasa, duk wannan mai sauƙi ne. Idona kuma ya jira ka gama shan biki."

"Don Allah ki rage murya."

"Shekara nawa ina rage murya? Shi ya sa har yau ake ce mini mai harara!"

Na tashi na bar shi a nan. A ɗaki na yi kuka har na gode Allah, ga shi an hana ni murza ido, sai dai in bar hawayen su yi ta zuba.

Ranar Asabar aka shirya tafiya Taura ban haƙuri. Goggo ce jagora, da 'yarta Hassana, sa'ata, mai fararen idanu tubarkalla, wadda ke iya gaishe da mutum sau uku kafin ya amsa ɗaya. Aka sa ni dogon hijabi mai ruwan toka, wai ya fi nuna ladabi. Aka ɗauki turmin atamfa da ƙwaryar goro. A mota Goggo sai bita take yi mini: in durƙusa, kada in ɗaga kai, in ce ƙuruciya ce.

Falon Hajiya Hindatu ya sha labule masu nauyi, ga kabet cike da kwanukan tangaran. Tana zaune a kan doguwar kujera, ƙanwarta a gefe. Hassana ta zube ta kwashi gaisuwa, har da su "ina gajiyar rannan, Hajiya, Allah ya ƙara girma." Hajiya ta amsa mata da fara'a. Ni kuwa da na gaishe ta, "lafiya" ɗaya ta jefo mini.

Goggo ta yi ta zuba, yarinya ce, shaiɗan ne, a yi haƙuri. Sannan ta zungure ni da gwiwar hannu.

Na buɗe baki da niyyar faɗin abin da aka koya mini, Allah shi ne shaidata. Sai na ji Hajiya ta ce wa ƙanwarta, ba ta ko rage murya ba, "Dubi, ko yanzu hararata take."

Na sa hannu a jakata na ciro tabarau ɗina, wanda na ƙwato da ƙyar daga hannun Goggo, na ɗora a fuskata.

"Hajiya, ki gafarce ni, sai yanzu na ga fuskarki. Rannan ban gan ki ba. Ba harara nake ba, ciwon ido gare ni, kuma ƙaruwa yake. Likita ya ce in ba a yi mini aiki da wuri ba zan iya rasa ganina. An ce in ɓoye miki sai bayan biki. Ni kuma ba zan shiga gidanki da ƙarya ba, ba kuma zan karɓi laifin da ban yi ba."

Goggo ta dafe ƙirji tana salati. Hajiya ta daɗe tana kallona, yanzu kam ina ganinta sarai, doguwar mace mai zanen kalangu a kumatu.

"Musaddiq ya sani?"

"Ya sani."

"A danginku akwai mai irinsa?"

"Ban sani ba, Hajiya."

Ta gyaɗa kai. "Allah ya sawwaƙe." Ta juya ta ce a kawo wa baƙi fura. Shi ke nan. Har muka fito ba ta ƙara ce mini uffan ba, amma ta raka Hassana har bakin ƙofa, tana tambayarta ajin da take a makaranta.

Abin da Goggo ta yi mini a hanyar dawowa ba zai faɗu ba. Muna isa gida ta wuce turakar Malam tana kururuwa, wai na tona wa zuri'a asiri, na kashe aurena da bakina. Malam ya sa aka kira ni da Yaya. Ya ce in maimaita masa maganar likita, kalma da kalma. Ina gamawa ya cire hularsa ya ajiye a kan buzu, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabanmu ba.

"Ni aka ce wa ciwon zai iya jira," ya ce. "Yaya Larai, ke ce babba, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma ido amana ne, aure kuwa ba a gina shi a kan algus. Yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Misbahu, ka shirya, da ita za ka koma."

Hidimar fasfo da biza ta ci nata lokacin. Musaddiq ya yi ta kira ban ɗauka ba, sai ana gobe za mu tashi na tura masa lambar Anti Nana Aisha, matar Yaya, na ce in da magana ya same ni a nan.

A Alƙahira likitar mace ce, mai fara'a, Yaya na yi mana tafinta. Ta auna idanuna, sai na ji fara'ar ta ragu. Ta ce na dama za a yi masa aiki. Na hagu kuwa an makara, ya yi siririn da fitilar za ta iya yi masa illa, sai dai nan gaba a duba yiwuwar dashen wani tantanin.

"Da kun zo da wuri kaɗan," in ji ta.

Da wuri kaɗan! Kwanakin da aka ɓata ana tattalin kada mutanen Taura su ji, su ne suka tafi da idona ɗaya. Ban yi kuka ba. Na ƙoshi da kuka, wuta ce kawai ke ci a cikina.

Aka kwantar da ni, aka ɗiga mini maganin kashe zafi, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Ina ji tana goge saman idon a hankali, ba zafi, sai dai tsoro. Sai ɗigon ruwan nan mai launin ɗorawa, ɗis, ɗis, har duniya ta koma ruwan kurkur. Sannan aka kunna fitilar, shuɗiya, aka ce in kafa mata ido kada in motsa. Ina kallonta ina karanta Alam Nashraha, in kai ƙarshe in sake komowa.

Zafin sai da muka koma gida ya zo. Kamar an zuba mini barkono da yashi a ido. Ko hasken taga ba na iya jurewa, Anti Nana ta rufe labule ruf, ta ɗaura mini baƙin ƙyalle, ita ke ba ni abinci a baki, ita ke riƙe ni zuwa banɗaki. Idon dama a rufe, na hagu ba ya gane komai sai inuwa.

Ana haka da hantsi, ina kwance, na ji wayarta ta yi ƙara. Ta ce, "Laa, angonki ne ya turo saƙo. Bari in karanta miki." Har da 'yar dariyarta. Sai dariyar ta ɗauke.

"Anti, karanta mana."

"Gaisuwa ce kawai. Yana yi miki sannu."

"Gaisuwa ba ta sa mutum ya haɗiye yawu haka. Ki karanta mini don girman Allah. An ɓoye mini abubuwa sun ishe ni."

Ta zauna a bakin gadon, ta kama hannuna, ta karanta:

"Zaituna, ya jiki? Gara ki ji daga bakina. Goggo Larai ta je wurin Hajiya, sun yi magana, wai don kada zumuncin gidajen biyu ya lalace, tunda an riga an sa rana, a mayar da maganar kan Hassana. Malam bai sani ba. Hajiya ta matsa mini ƙwarai. Amma ki kwantar da hankalinki, ban amince ba tukuna."

Na ce ta maimaita ƙarshen. Ta maimaita.

Tukuna.

Ba "ban amince ba". Ba "ba zan taɓa amincewa ba". Tukuna! Wato yana nan yana aunawa, kamar mai taya akuya a kasuwar Shuwarin, yana jira ya ji da ido nawa zan dawo. Na yunƙura na tashi zaune, zafin idon ma na daina jinsa.

"Anti, rubuta masa."

"Zaituna, ki bari ki huce."

"Rubuta. Ki ce masa an yi aikin, na dama ya tsira, na hagu ya tafi, ya je ya gaya wa Hajiya ta sa a ma'auninta. Ki ce ranar da na sauka Dutse ina son ganinsa a gaban Malam, shi da Goggo, ya faɗi wannan tukunar da bakinsa. Kuma ki rubuta da ƙananan baƙaƙe, shi ai idonsa ƙalau."

Ina jin ƙarar maɓallan tana dannawa. Ba ta kai ga turawa ba wayar ta hau ruri a hannunta. Ta bar ta tana ta kuka.

"Waye?"

"Lambar gida ce," ta ce da ƙyar. "Ta Hassana."

Na miƙa hannu cikin duhun nan, na buɗe tafina.

"Ba ni ita."